Mota Mai Ɗinkin Tela

  

Yau zancen mota za mu yi. Abin da ya jawo shi, kwanan baya ne wani ƙanena ya miƙo mini wayarsa yana dariya, ya ce, "Yaya, dubi tsohuwar akwalar da Sarkin Kano ke shiga. Duk arzikin Kano a rasa sabuwar mota?" Na karɓa na duba. Wani hoton bidiyo ne na shekarun baya: mota doguwa mai dogon hanci, fitilunta a tsaye ƙato-ƙato, tana tafiya a hankali kamar amarya, dogarai na sassarfa a gefenta. Na mayar masa da wayarsa na ce, "Kai dai yaro ne. Wannan da kake ce wa akwala, ko ka zo da buhun kuɗi ba mai sayar maka, kuma duk duniya ba ka samun wata mai jiki irin nata sak." Ya ce yaya za a yi mota ta rasa irinta, ai kamfani ɗaya ke buga su dubu-dubu. To amsar da na ba shi a tsaitsaye ran nan, ita ce nake son in warware muku yau a zaune.

Motar sunanta Rolls-Royce, samfurin da ake kira Silver Wraith, ƙirar 1952. Sunan kamfanin na mutum biyu ne. Charles Rolls ɗan masu hali ne, dillalin motoci a Landan. Henry Royce kuwa ɗan talaka ne da ya tashi yana tallar jarida kafin ya zama gwanin inji. Sun haɗu a birnin Manchester a 1904, suka kafa kamfani a 1906. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, sai kamfanin ya ajiye ƙera motoci ya koma yi wa jiragen yaƙin Ingila inji. Bayan an sauke bindiga, a 1946, masana'antarsu ta garin Crewe ta koma aikin mota, kuma mota ta farko da ta fito da sunan Rolls-Royce bayan yaƙin ita ce wannan Silver Wraith. An yi shekara 12 ana yin ta, daga 1946 zuwa 1958, amma duka-duka guda 1,883 aka yi. In ka raba, kusan mota uku ke nan a mako.

Ga inda ƙanena ya ɓata lissafi. A wannan samfurin, kamfanin ba ya sayar maka da mota gamammiya. Abin da yake ba ka shi ne ƙashin motar, wanda makanikai ke ce wa shasi, da inji mai silinda shida, da giya da birki da sitiyari da tayoyi, da lagireton nan mai tsayi da ake gane su da shi. Ba ƙofa, ba rufi, ba wurin zaman mai gida. Tsirara take fitowa. Sai kai mai mota ka ɗauki wannan ƙashi ka kai gidan masu yin bodi, su ɗinka mata jiki yadda ranka ke so.

Na ce ɗinki da gangan. Duk wanda ya taɓa sayen shadda ya kai wa tela ya san wannan harka. Mutum goma za su yanki yadi a bandir ɗaya, amma ranar Sallah ba za ka ga riga biyu iri ɗaya ba: wannan aska takwas, wancan aska biyu, wani ya ce a faɗaɗa masa hannu, wani ya ce a rage tsawo don shi gajere ne. Haka abin yake ga waɗannan motoci. Telolin su ne gidaje irin su Hooper, da H. J. Mulliner, da Park Ward, da James Young, da Freestone and Webb. Wasunsu sun girmi ita kanta mota. Gidan Hooper tun farkon ƙarni na 19 yake ƙera keken doki, kuma shi ke yi wa gidan sarautar Ingila. Da inji ya kori doki sai suka ɗauke gwanintarsu suka ɗora a kan taya huɗu.

Aikin kuma na hannu ne tun daga farko har ƙarshe. Kafintoci za su fara haɗa firam na katako a kan ƙashin, da wani icce na ƙasarsu mai tauri da rashin nauyi. Sai masu bugun ƙarfe su ɗauki fallen alminiyam su yi ta lanƙwasa shi da guduma da wata na'ura mai taya biyu, har ya kwanta a jikin katakon kamar an zuba shi. Sai masu fenti su shafa, su goge, su sake shafawa, sau da yawa. Sai dukawa su shiga da fata, masu kafet su shimfiɗa, masu sassaƙa su lulluɓe gaban direba da ƙofofi da icce mai zane. Watanni ake yi kafin a gama mota ɗaya. Wani abin da zai ba ku mamaki: a irin waɗanda direba ke tuƙa mai gida, sau da yawa kujerar direba ce ake yi wa fata, ta mai gida a baya kuwa yadin ulu mai laushi ake sa mata. A wurinsu fata ta mai aiki ce, tun zamanin da mai tuƙa keken doki ke zama a waje ruwa na dukansa. Mu nan ƙasar jar akuya, da fatarmu ta yi suna har Turai, da an tambaye mu da mun ce a juya.

Tsakanin direba da mai gida akwai gilashi da ake ɗagawa a sauke, don kada sirrin baya ya iso gaba. Mai son rufi a buɗe a yi masa, mai son ƙananan kujerun naɗewa don 'yan rakiya a sa masa. Bature mai doguwar malafa zai ce a ɗaga rufin don kada ta taɓa, kuma kun ga wannan ɗagawar ta yi wa mai rawani daidai. Akwai wani attajirin mai, Nubar Gulbenkian, wanda a 1956 ya sa gidan Hooper suka yi wa tasa rufi garai-garai kamar gilashi, wai don ya riƙa kallon sama yana tafiya. Mai kuɗi ba ya rasa abin so.

To yaya aka yi irin wannan mota ta iso Kano? Sarakunan Arewa ba baƙin mota ba ne a lokacin. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin na farko da suka rungume ta, a zamanin da talakawa ke gudu in sun ji ƙugin inji. A 1934 kuma Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka tafi Ingila tare, suka ga yadda masu mulkin can ke fita. Bayan yaƙi Ingila ta fito da bashi har wuya, gwamnatinta na matsa wa masana'antu su sayar da kaya waje don a samu kuɗin shiga. Kano kuwa lokacin dalar gyaɗa ne, baitulmalin En'e ɗinta ya fi na kowa ƙarfi a Arewa. Mai neman kasuwa ya gamu da mai abin saye. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Sarki Alhaji, motar ta shiga Gidan Rumfa.

Bai daɗe da ita ba. A ƙarshen 1953 Allah ya yi masa rasuwa, bayan shekara 27 a kan gado. Ɗansa Muhammadu Sanusi ya gaje shi, sarki mai kwarjini da ƙarfin mulki, wanda shi ne ya karɓi Sarauniyar Ingila Elizabeth a Kano a 1956. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta sa shi ya yi murabus, ya koma Azare da zama. Motar ba ta bi shi Azare ba. Sarki Muhammadu Inuwa ya zo, watanni kaɗan ya yi Allah ya karɓi abinsa. Sai Ado Bayero, wanda ya hau a 1963 yana matashi, ya riƙe Kano shekara 50 da ɗoriya har zuwa watan Yunin 2014. Sai Muhammadu Sanusi na biyu, jikan wancan Sanusin, wanda aka sauke a watan Maris na 2020 aka kai shi jihar Nasarawa. Abin da ya biyo baya na rigimar sarautar Kano kun san shi, kuma ba shi ya tara mu yau ba. Ku dai ƙirga daga Sarki Alhaji zuwa Sanusi na biyu: sarki biyar, uku sun rasu a kan gado, biyu an sauke su, mota ɗaya.

Nan ne abin ya fi ɗaukar hankalina, jama'a. A ƙasar Turawa, in ana zancen tsohuwar mota irin wannan, abin da ake fara tambaya shi ne hannun wa da wa ta bi. Kowace tana da lambar shasi, kuma kamfanin ya rubuta wa kowace kati tun ranar da aka yi odarta: wa ya saya, wane gida ya yi bodi, wane launi, wace irin fata, ta wane jirgin ruwa aka tura ta. Waɗannan katuna suna nan har yau, ƙungiyar masoya motar na ajiye da su a wani ƙauye da ake kira Paulerspury a Ingila. In za a yi gwanjon mota sai a karanto silsilarta kamar yadda maroƙi ke jero kakannin basarake: wane ya saya a shekara kaza, ya mutu magada suka sayar wa wane, wane ya karye ya sayar wa wani Ba'amurke, ta yi shekara ashirin a rumbu, aka tono ta aka gyara. Mota biyu masu inji ɗaya da shekara ɗaya, wadda ta san iyayen gijinta sai ta ninka ɗayar kuɗi. A can, ke nan, mota ce ke yawo gida-gida, masu ita suna zaune.

A fada kuwa abin a juye yake. Motar na nan inda take, a gareji ɗaya, ƙofa ɗaya take fita ta dawo. Masu ita ne ke wucewa. Ba wanda ya saye ta daga hannun wani, ba wanda ya sayar. Ta shiga sahun kayan sarauta, ta zauna kusa da tambari da kakaki da lema da tagwayen masu. Wanda aka naɗa ya tarar da ita, wanda aka sauke ya bar ta. Shi ya sa in ka ce "motar Ado Bayero" ka yi gaskiya rabi, in ka ce "motar Sarkin Kano" ka cika ta.

Mu mutanen Dogon Daji bai kamata wannan ya zame mana baƙon zance ba. A garin nan aka haifi Ibrahim Dasuki a 1923, ɗan Sarkin Yamma Haliru, daga gidan Buhari ɗan Shehu. A nan ya fara elemantare kafin ya wuce Midil ta Sakkwato. Ya zama Baraden Sakkwato, ya zama Sarkin Musulmi na 18 a 1988. A watan Afrilun 1996, zamanin Abacha, aka kira shi ofishin gwamnan soja, ya fita daga fada yana Sarkin Musulmi, bai sake komawa ba. Daga can aka ɗauke shi a jirgi sai jihar Taraba. Dawakin fada da motocin sarauta da lema duk suna nan inda ya bar su da safe, suna jiran na gaba. Ya rayu shekara 20 bayan haka, ya rasu a 2016, Allah ya jiƙansa. Dattawan garin nan da suka ga hawansa suka ga saukarsa, ba sai an yi musu dogon bayani a kan bambancin abin mutum da abin kujera ba.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. Ƙasar Burazil tana da Silver Wraith buɗaɗɗiya, ita ma ƙirar 1952, sa'ar ta Kano ke nan. Shugaba Getúlio Vargas ne ya fara shigarta, kuma har yau ita ke ɗaukar sabon shugaban ƙasa ranar rantsuwa, bayan juyin mulkin soja da komawa farar hula da duk abin da ƙasar ta gani. Ƙasar Ayalan tana da tata ta 1947, ita ma ta fitar shugaban ƙasa ce.

Akwai kuma 'yar'uwarta da ta fi ta tsada da ƙaranci, Phantom ta huɗu, mai silinda takwas. Guda 18 kacal aka yi daga 1950 zuwa 1956, kuma ba a yi ta don kasuwa ba, sai 'yan gidan sarauta da shugabannin ƙasa. Ta farko ta Elizabeth ce tun tana gimbiya. Janar Franco na Sifen ya karɓi uku, Sarkin Kuwaiti uku, Shah na Iran biyu, Aga Khan ɗaya. Sarkin Iraƙi Faisal na biyu, yaro matashi, da kawunsa Abdul Ilah, kowa da tasa. Ran 14 ga Yulin 1958 sojoji suka kashe su duka biyu a Bagadaza. Shah ya bar Iran a 1979 bai koma ba. Franco ya mutu a 1975, motocinsa uku kuwa suna nan a hannun hukuma, su ake fitar da Sarkin Sifen a ciki ranar biki. In ka bi jerin masu waɗannan motoci 18, ka karanta tarihin rabin ƙarni ba tare da ka buɗe littafi ba.

Na san akwai mai sauraro da ke cewa a ransa: Malam, mu da ke neman kuɗin taki, ina ruwanmu da motar sarakuna? Tambayar tana kan hanya, ba zan kauce mata ba. A 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce a Kano kan kuɗin masarauta, har da zancen sababbin Rolls-Royce, majalisar sarki ta fito ta ce abokan sarki ne suka saya masa. Ni a ganina duk lokacin da basarake ya shigo da sabuwar mota mai tsadar gina asibiti, talakansa na da damar ya tambayi daga ina, kuma bai yi rashin kunya ba. Amma tsohuwar daban ce. Wadda aka saya tun kafin a ba Najeriya mulkin kai, aka riƙe ta shekara 70 da wani abu tana tashi, ni ban ga almubazzaranci a cikinta ba. Tattali na gani. Gidan gwamnati nawa ne a ƙasar nan zai iya nuna maka motar da aka saya shekara goma baya tana aiki? Kowane sabon gwamna da sabon ayari, tsofaffin kuma sai a neme su a rasa.

Kuma riƙon nan ba da baki ake yin sa ba. A nan ne nake son mu tuna da mutumin da ba a rubuta sunansa a kowane kati. A fadojinmu akwai sarautar Sarkin Mota, shugaban direbobin sarki. Kun ga hikimar Bahaushe: da baƙon abu ya shigo, bai bar shi a waje ba, sai ya naɗa masa rawani ya sa shi a layi tare da Shamaki da Sarkin Zagi. Shi da makanikansa su ne suka san halin motar. Ku tuna an yi ta ne don ƙasar sanyi da damshi. A nan kuwa hunturu na busar da katakon da ke cikin jikinta har ya tsage, zafin bazara na cin fata da roba, ƙura na toshe kafireto, gara da ɓera na jiran a yi sakaci. Irin waɗannan motoci suna da wani feda da direba ke takawa lokaci-lokaci, ya tura mai zuwa gaɓoɓin ƙashin motar gaba ɗaya. Wanda bai san da shi ba zai tuƙa ta shekara guda ya kashe ta yana ganin lafiya lau. Kayan gyaranta ba a samun su a shagon bakin hanya, sai an aika Ingila, ko gwani ya zauna ya ƙera. Ga kuma tuƙin kansa: tafiyar sarki a cikin taro tafiyar hawainiya ce, mutane na kutsowa, dawaki na zabura, bindigogin 'yan bindiga na tashi, inji na ɗaukar zafi, kai kuma ba ka da izinin ka girgiza rawanin da ke bayanka. Wani lokaci ma aikin da rai ake biyan sa. Ranar da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari a Kano, a watan Janairun 2013, direbansa na cikin waɗanda suka rasu.

Mota na riƙe tarihi ko da ba ta alfarma ba ce. Wanda ya je gidan tarihi na Onikan a Legas zai ga baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ran 13 ga Fabrairun 1976, ramukan harsashi na nan a jikinta. Yara 'yan makaranta da ba su san komai game da shi ba, in sun tsaya gabanta shiru suke yi.

Su kuwa telolin Ingila, zamani ya cinye su. Tun a 1946 kamfanin ya fara sayar da motarsa ta Bentley mai bodin ƙarfe bugun inji, iri ɗaya ga kowa, a 1949 ya yi haka da Rolls-Royce samfurin Silver Dawn. Ya fi sauri, ya fi araha. Gidan Hooper ya daina yin bodi a 1959. Park Ward da H. J. Mulliner kamfanin ya saye su ya haɗe su gida ɗaya a 1961. Da Silver Shadow ta fito a 1965, ƙashi da jiki a haɗe suke tun daga masana'anta, kamar yadda motocinmu na yau suke, tela bai da inda zai sa allura. Gwanjo ya kori ɗinki, in ji masu kasuwar tufafi.

Amma ku tsaya, jama'a. Wannan sana'a da ta mutu a Landan, a ina muka san ta? Duk wanda ya haura shekara hamsin a yankin nan ya hau motar da aka yi wa ɗinkin tela, ko bai sani ba. Manyan motocin da suka yi ta jigilar gero da albasa da shanu da fasinja tsakanin Sakkwato da Jega, Bedford da Austin, daga baya Marsandi 911, yawancinsu haka suke zuwa: ƙashi da inji da kan direba. Bodin katako a nan ƙasar kafintocinmu ke yin sa. Mai mota zai faɗi tsawon da yake so, da yawan katakon zama da za a gitta, da inda za a sa tsani, da inda karen mota zai rataya. Mai fenti ya zo ya zana zaki ko dawisu ko jirgin sama, ya rubuta "Haƙuri maganin duniya" a goshi. Tun daga nesa, kafin a ga lamba, yaran gari sun san motar wane ce ke tafe. Aikin Hooper ke nan ba ragi, illa dai wancan na ɗaukar sarki ɗaya, wannan na ɗaukar mutum hamsin da awakinsu. Sitiyarin na farkon ma a dama yake kamar na Ingila, domin sai a watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama.

Bambancin shi ne kati. Tasu an rubuta, tamu ba a rubuta ba. Motar da ta yi shekara talatin tana ciyar da gida biyar, ta bi hannun mutum shida, in ta gaji sai a jingine ta bayan tasha, kaji su yi ƙwai a ciki, mata su ɓalle katakon su hura wuta, ƙarshe 'yan gwangwan su zo da sikeli su auna ta kilo-kilo. Mu da muke iya jero asalin doki har kakansa, mu da maroƙinmu ke riƙe sunan sarki ashirin a ka, ba mu ɗauki abin da hannunmu ya ƙera a bakin abin tunawa ba. Yanzu ma da muka koma 'yan Kwatano, mota na zuwa mana ne bayan ta ƙare ƙuruciyarta a wata ƙasa, ba mu san wa ya hau ta ba, ba ma tambaya.

Da azumin bara na zauna da wani tsohon kafinta a nan yankin, wanda ya yi aikin bodi tun yana saurayi, yanzu idonsa ya yi rauni sai jikoki ke yi masa jagora. Na ba shi labarin motar Kano da katunan da ke Ingila. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wanga kati da kaka faɗi, ni ma ina da shi, a kaina shi ke." Sai ya fara jero mini wata Bedford da ya yi wa bodi shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, 1973 ke nan. Wani Alhaji mai fataucin goro ne ya fara sayenta. Da ya rasu aka raba gado ta faɗa hannun babban ɗansa, shi kuma ya sayar wa direban gidan, biya kaɗan-kaɗan. Direban ya yi shekara tara da ita, ta kai shi Makka, ta aurar masa da 'ya'ya uku. Ta faɗi sau ɗaya da lodin albasa, aka dawo masa da ita ya canja katako huɗu a gefen hagu. Daga nan ta koma hannun wani mutumin Kebbe mai ɗaukar itace, daga shi sai wani da ya cire injin ya sa a injin niƙa.

Na ce, "Baba, to bodin fa?"

Ya yi dariya ya ce ƙofar baya tana nan, ita ce ƙyauren garken wani maƙwabcinsu, kuma in na je in duba daga ciki ta ƙasa, zan ga inda ya ƙona harafin farko na sunansa da ƙusa mai zafi. Na je na duba. Sai da na durƙusa na kankare kashin shanu da tsinke kafin na gan shi.